"Ba Ya Aiki" Ba Ƙorafi Ba Ne

Maƙalar wannan mako za ta leƙa duniyar na'urorin wasa na hannu, domin akwai wani nau'in rubutu a can da muke ganin ya cancanci mu tsaya a kansa: rubutun kai ƙorafi idan manhaja ta samu tangarɗa.

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urar 3DS a 2011, ya sayar da sama da miliyan 75, ya daina ƙera ta a 2020. A watan Maris na 2023 ya rufe shagon intanet da ake sayen wasanninta, a Afrilun 2024 kuma ya dakatar da wasan da ake haɗuwa a yi ta intanet. Kamfani ya yi gaba, amma na'urorin suna nan a hannun mutane, kuma abin da ya fi daraja a cikinsu shi ne ajiyar wasa, wato ɗan fayil ɗin da ke riƙe da duk inda mai wasa ya kai. Akwai wanda ya shekara biyar yana gina ƙauyensa a Animal Crossing: New Leaf, akwai wanda ya tara ɗaruruwan halittu a Pokémon. Idan fayil ɗin ya lalace, kuɗi ba sa dawo da shi.

Wannan ya sa wasu masu sa-kai suka rubuta manhajojin kula da fayilolin. Bernardo Giordano ya rubuta Checkpoint, wadda ke kwafar ajiyar wasa ta adana a katin memori ta kuma mayar da ita idan an buƙata. Wani da aka sani da laƙabin d0k3 ya rubuta GodMode9, wadda ke ba mutum damar shiga fayilolin na'urar kanta. Ba Nintendo ne ya amince da su ba, a na'urar da mai ita ya sauya wa tsari kawai suke aiki, kuma kyauta ake ba da su. Mutanen da ke amsa ƙorafi a kansu ba albashi ake biyan su ba. Lokacin hutunsu suke yanka.

To ga ra'ayinmu: wanda ya aika wa irin waɗannan mutane kalmomi uku, "ba ya aiki", bai kai ƙorafi ba, ya ɗora musu aikin duba ne. Dubi cututtuka huɗu da za su iya ɓuya a ƙarƙashin wannan magana ɗaya.

Na farko, na'ura ba ta ga katin memorin ba sam. Sau da yawa dalili shi ne 3DS tsarin FAT32 take karantawa, alhali katunan da suka haura 32GB da tsarin exFAT suke zuwa daga masana'anta, sai an sake musu tsari a kwamfuta. Na biyu, katin yana aiki amma wani babban fayil ya ƙi hawa. Shi FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB. Na uku, komai ya hau lafiya, bayan kwanaki sai fayiloli su fara lalacewa. Nan ana zargin katin bogi, irin wanda aka rubuta wa 64GB a jiki alhali cikinsa bai kai ko kusa ba. Wannan ciwo mun san shi a kasuwannin waya na garuruwanmu, kuma wata ƙaramar manhaja mai suna H2testw tana tona asirinsa ta hanyar cika katin da bayanai ta sake karanta su. Na huɗu, mutum ya zare katinsa ya sa a wata 3DS ɗin, sai ya ga wasanninsa sun ɓace. Ba su ɓace ba. Kowace na'ura tana kulle fayilolinta da mabuɗin da ita kaɗai ke da shi.

Magani huɗu ne daban-daban, kuma wanda aka ba maganin da ba nasa ba yana iya goge katin da ajiyarsa ke ciki. Mai manhajar yana wata nahiya, bai ga na'urarka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, idan kuwa ya ƙi nunawa, magini sai dai ya yi ta lalube.

Tun 1999 Simon Tatham, wanda ya rubuta manhajar PuTTY, ya yi wata sananniyar maƙala kan yadda ake kai rahoton tangarɗa. Jigonta shi ne ka sa mai gyara ya iya ganin matsalar da idonsa, kuma ka raba abin da ka gani da abin da kake zato. A aikace ga abin da hakan ke nufi: faɗi irin na'urarka da sigar manhajar da lambarta, kada ka ce "sabuwar" domin sabuwar jiya ba ita ce ta yau ba. Jero abin da ka danna bi da bi. Faɗi abin da ka sa ran gani da abin da ya fito. Kwafo saƙon kuskuren harafi da harafi ko ka ɗauki hoton allon. Faɗi abin da ka sauya kafin matsalar ta fara. Kuma kafin ka taɓa komai, kwafe katin gaba ɗaya zuwa kwamfuta. Rigakafi ya fi magani.

Wani zai ce wannan nauyi ya yi wa mai wasa yawa: shi ba injiniya ba ne, wataƙila yaro ne, wataƙila Turancinsa kaɗan ne, ga shi hankalinsa a tashe. Akwai gaskiya a nan, kuma mai manhaja ma yana da nasa haƙƙin. Saƙon kuskuren da ba komai a cikinsa sai lambobi ba ya koya wa kowa komai, kuma amsa mai gatse tana korar wanda gobe zai iya kawo rahoto mai amfani. Sai dai a duba jerin da muka kawo, babu abu ɗaya a ciki da ke buƙatar ilimin kwamfuta. Lura yake buƙata da iya jera magana. Rahoto mai tsari cikin gurguwar Turanci ya fi dogon kuka cikin Turanci mai kyau.

Akwai kuma bashin da aka fi yawan cinyewa. Mutum ya samu mafita, sai ya rubuta "na gyara" ya ɓace. Bayan shekara biyu wani ya faɗa ramin nan, ya bincika, ya tarar da tambayarsa sak amma babu amsa. Layi biyu da ke bayyana abin da ya yi aiki sadaka ce ga wanda ba za ka taɓa gani ba, musamman yanzu da kamfanin ya janye kuma ilimin na'urar ya koma hannun masu amfani da ita.

Mu marubuta wannan ya shafe mu kai tsaye. Idan ɗan uwa ya ɗora babin labarinsa, abin da muka fi rubutawa shi ne "ya yi daɗi" ko "bai kama ni ba". Wannan shi ne namu "ba ya aiki". Mai sharhi na gaske zai ce: a sakin layi na uku na rasa gane wa ke magana, na zaci uwar ce sai na ga kishiyar ce. Nan marubuci ya samu wurin da zai sa hannu.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi wata tangarɗa da wayarsa ko wata manhaja ta taɓa yi masa, ya bayyana ta da Hausa zalla cikin layin da bai wuce goma ba, yadda wanda bai ga wayar ba zai iya maimaita abin da ya faru. Sannan mu karanta na juna, kowa ya nuna daidai layin da ya tsayar da shi. Allah ya ƙara mana basira.