Zauren Iyali: Kafin A Karɓi Mabuɗin Shago

A wannan fitowa za mu tattauna a kan hayar shago da rumfar kasuwa, al'amarin da wasu suke ɗauka ya shafi 'yan kasuwa ne kaɗai, alhali kuwa tukunyar gidaje da yawa a kansa take ɗore. Idan shago ya tsaya da ƙafafunsa, cefane ya samu, kuɗin makarantar yara ma ya samu. Idan kuwa aka wayi gari an garƙame shi da kwaɗo, mutanen gida ne farkon masu ji a jikinsu.

Duk wanda ya zaga Garwa a 'yan shekarun nan ya ga yadda jerin shaguna suke tsirowa a bakin titi, daga kewayen babbar kasuwa zuwa Yelwa, Pumpumre, Rumde Ajiya da Jambutu. Gyaran da aka yi wa birnin saboda gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka a farkon 2022, da kafa jami'ar Garwa a wannan shekarar, sun ƙara wa masu filaye ƙwarin gwiwar ginawa. Haka abin yake a ƙananan garuruwan da ke kan babbar hanyar da ta taso daga Ngaundare ta nufi Marwa, irin su Ngong, Pitowa da Figil. Masu kama waɗannan shaguna kuwa mun san su. Akwai yaron da ubangidansa ya sallama bayan shekaru yana yi masa hidima, akwai uwargidan da ta kwashi adashi ta haɗa da ɗan zinarinta, akwai kuma ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba abin da ya tara. Galibinsu jarin da suka sa shi ne iyakar abin da suka mallaka.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yadda ake ƙulla wannan babbar magana. Dillali ya nuna shago, a yi ciniki a tsaye, a ba da kafin alƙalami, a biya la'ada, a tafa hannu, shi ke nan. In wani ya kawo zancen rubutu sai a ce da shi: "Haba Alhaji, tsakaninmu har sai da takarda?" Kunya ta hana ɗan haya nacewa, mai shago kuma ya ga an rage masa wahala. Bayan shekara biyu ko uku, lokacin da wurin ya yi albarka, masu saye suka san ƙofar, sai maganar ta sauya. Mai shago ya ce ɗansa zai zauna a ciki, ko ya ninka kuɗin haya, ko kuwa ya rasu magada su ce ba su san da wani alkawari ba. A nan ne za ka ga mutanen da suke sahu ɗaya a masallaci sun daina gaisawa, matansu sun daina shiga gidajen juna.

Addininmu bai bar wannan fage haka nan ba. Malaman fiƙihu suna kiran haya da sunan ijara, wato sayar da amfanin abu ba tare da sayar da shi kansa abin ba. Littattafan da muka tashi muna karantawa a zaurukan malamai, Risala da Muhtasar, sun shimfiɗa sharuɗɗanta, kuma a sahun gaba akwai sanin kuɗin da za a biya da sanin amfanin da aka saya da tsawon lokacinsa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe. Saboda haka wanda ya nemi a rubuta yarjejeniya bai zargi ɗan'uwansa da rashin amana ba. Ya dai tuna cewa ɗan Adam yana mantuwa, kuma yana mutuwa.

Dokar ƙasa ma ta yi tanadi, sai dai da yawa daga cikinmu ba su san da shi ba. Kamaru tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci, tare da maƙwabciyarmu Cadi da kuma Nijar. Najeriya ba ta ciki, don haka abin da ɗan'uwa ya saba da shi a Yola ko Mubi ba lalle ne ya yi aiki a nan ba. Dokar kasuwanci ta wannan ƙungiya, wadda aka sabunta a birnin Lome a watan Disamba na 2010, ta keɓe sashe na 101 zuwa na 134 ga hayar wurin sana'a. Tsohuwar dokar ta 1997 ta taƙaita wannan kariya ga garuruwan da mutanensu suka haura 5,000. Sabuwar ta cire wannan iyaka, ta yadda mai shago a ƙaramin gari yake da haƙƙi daidai da na Duwala.

Ga kaɗan daga abin da ta ƙunsa. Ɗan hayar da ya shekara biyu yana gudanar da sana'ar da aka yi yarjejeniya a kanta ya sami haƙƙin a sabunta masa haya, kuma sabuntawar ba ta gaza shekara uku. Idan hayar mai ƙayyadadden wa'adi ce, wajibi ne ya nemi sabuntawa a rubuce aƙalla wata uku kafin wa'adin ya cika, in ya yi sakaci haƙƙin ya faɗi. Idan ba a yanka wa'adi ba, duk wanda yake son rabuwa sai ya ba ɗayan sanarwar wata shida. Mai shagon da ya ƙi sabuntawa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba zai biya ɗan haya diyyar tashinsa. Wanda ya kasa biyan haya ma ba a watsa masa kaya waje da ƙarfin tuwo. Sai an aika masa takardar gargaɗi, an ba shi wata guda ya gyara, sannan a je gaban alƙali. Manyan gyare-gyare irin na rufi da bango suna kan mai gini, ƙananan na yau da kullum suna kan mai zama.

Akwai tanadi biyu da muke roƙon kowane maigida ya karanta wa iyalinsa. Na farko, sayar da ginin ba ya kashe haya. Sabon mai shi ya gaji alkawarin tsohon. Na biyu, rasuwar ɗan haya ba ta kashe ta. Matarsa, ko 'ya'yansa, ko iyayensa suna iya ci gaba da zama, da sharaɗin su sanar da mai shago a hukumance cikin wata uku da rasuwar. Mu lura da wannan lissafi da kyau. Takabar mace wata huɗu ce da kwana goma, ke nan wa'adin doka zai cika tun tana cikin ɗaki. Idan ba a sami wani ɗan'uwa da ya tashi ya kai takardar ba, sai ta fito takaba ta tarar an ba wani shagon da marayunta suke ci daga gare shi. Wannan aiki ne na dangi da na dattawan unguwa, kuma a makon farko ya kamata a tuna da shi, tare da lissafin basussukan mamaci.

Gaskiya ne dokar ta amince da hayar da aka ƙulla da baki. To amma ranar da aka je gaban shari'a, da me mutum zai nuna shekarar da ya shiga, da nawa ya biya, da abin da aka yarda ya gina? Rasit ɗin kowane wata da takardar yarjejeniya su ne bakinsa a wannan rana.

Rumfunan da ke cikin kasuwannin hukuma suna da nasu hali dabam. Mallakar ma'aikatar magajin gari ce, kuma ƙa'idojinsu suna cikin takardar da hukuma ta ba wanda ta danƙa wa rumfar. Sau da yawa wanda yake miƙa maka mabuɗi shi ma ɗan haya ne, wani lokaci ma hannu na biyu ko na uku. Kana biyansa ninkin abin da yake biyan hukuma, sunanka kuma ba ya cikin kowane littafi. Ranar da aka tashi rushe layin domin sabon gini, ko aka yi gobara aka zo rabon sababbin rumfuna, wanda sunansa yake rubuce shi za a kira. Ko a shagunan 'yan kasuwa masu zaman kansu, doka ta hana ɗan haya ya ba wani haya sai in yarjejeniya ta ba shi dama. Don haka tambaya ta farko kafin a fitar da ko dala ita ce: wannan wuri na wane ne, kuma ina takardarsa? Tattaki ɗaya zuwa ofishin kasuwa ya isa ya ba da amsa.

Sai batun kuɗin mabuɗi, wanda ake kira pas-de-porte da Faransanci, wato dunƙulallen kuɗin da ake karɓa kafin a bar wa mutum wuri. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta duba wannan mas'ala a zamanta na Jidda a 1988. Taƙaitaccen abin da ta tsayar shi ne: mai gini yana iya karɓarsa idan an lissafa shi cikin kuɗin haya. Ɗan haya ma yana iya karɓa domin ya sauka daga sauran wa'adin da ya rage masa, gwargwadon abin da yarjejeniyarsa ta ba shi dama. Amma wanda wa'adinsa ya riga ya ƙare ba shi da abin sayarwa, domin amfanin wurin ya koma ga mai shi. Ke nan mai biyan kuɗin mabuɗi ya tambaya: wata nawa ne suka rage wa wannan da nake biya, kuma mai ginin ya sani? In babu amsa, iska ya saya.

Bayan takarda sai lissafi. Kuɗin haya ba ya sanin damina ko rani, ciniki kuwa ya sani. A yankinmu kuɗi yana yawo ne bayan girbi, lokacin da manoma suka sayar da masara da gyaɗa, kamfanin Sodecoton kuma ya biya kuɗin auduga, sai kuma gabanin salla da komawar yara makaranta a watan Satumba. A tsakiyar damina kasuwa takan yi sanyi. Garuruwa irin su Pitowa, mai ci ranar Lahadi, da Adumri, mai kasuwar shanu ranar Alhamis, suna cika maƙil rana ɗaya a mako. Wanda ya je duba shago ranar kasuwa kaɗai ya ga fuskar amarya ce. Ya koma ranar Talata ya zauna daga safe zuwa la'asar, ya ƙirga masu wucewa. Ga kuma abin da yake zuwa daga ƙetaren iyaka: rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da faɗuwar naira tun daga 2023, sun juya farashin kaya a kasuwanninmu ba tare da sun rage wa kowa kuɗin haya ba.

Mu ɗauki misali. Shagon da ake biya wa sefa 30,000 a wata, idan ribar kayan da ke ciki kashi 10 ce cikin 100 na ciniki, sai an sayar da kayan sefa 300,000 kafin a fitar da kuɗin haya kaɗai. Wato ribar cinikin sefa 10,000 na farko a kowace rana ta mai gini ce, ba a zo kan wuta, haraji, mai gadi da abincin yaron shago ba. In aka ce a biya shekara guda gaba ɗaya, sefa 360,000 sun fita daga jari tun ba a jera kaya ba. Mutane da yawa sun kama babban shago a bakin titi suka rasa abin cika kanta. Ƙaramar rumfa cike da kaya ta fi su kwanciyar hankali.

To me za a rubuta? Sunan mai wuri da shaidar mallakarsa, da sunan ɗan haya. Iyakar wurin, har da baranda da ɗakin ajiya in akwai. Irin sana'ar da za a yi, domin canza ta yana bukatar yardar mai gini. Kuɗin haya, ranar biya, da lokacin da za a iya sake duba shi. Kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi. Wanda zai biya wuta, da yadda za a raba in mita ɗaya ce. Halin da aka sami wurin, da gyaran da aka yarda ɗan haya ya yi. A sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa, a kai ofishin haraji a yi mata rajista. Wanda ba ya karanta Faransanci ya zo da ɗansa ko wani amintacce ya fassara masa layi bayan layi kafin ya dangwala yatsa. Kwafi ɗaya kuma ya kwana a gida, uwargida ta san inda yake.

Muna da kalma ga masu gine-gine, domin da yawansu suna cikin masu karanta mu. Ɗan hayar da ya raya maka wuri har ya yi suna, guminsa yana cikin darajar da ginin ya samu. Tayar da shi domin wani ya zo a ɓoye ya ƙara farashi abu ne da shari'a ta yi hani da irinsa, ga mai ƙarawar da mai karɓa. Jinkirta wa wanda ya shiga ƙunci kuwa Alƙur'ani ya yi umarni da shi. Shi ma ɗan haya ya sani cewa sau da yawa kuɗin nan shi ne abincin wata tsohuwa ko na marayu, jan ƙafa wajen biya alhali da hali zalunci ne.

Shawararmu ga waɗanda suka riga suka shiga shago ba takarda ita ce kada su jira sai an sami saɓani. Yanzu da ake ga-maciji lafiya, a sami mai wurin, a gayyato limami ko dattijo ɗaya, a rubuta abin da aka riga aka yarda da shi. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba haɗin jari tsakanin 'yan'uwa da yadda ake raba riba. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna.