Injin Zanen Surori: Gara Ɗalibai Su San Cikinsa

A da, ba kowa ne ya zaci wasannin kwamfuta za su zama sana'ar miliyoyin mutane ba. Amma a watan Satumba na 2023, da kamfanin Unity ya ba da sanarwar cewa zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowane saukar da wasan da aka gina da injinsa, sai hankalin maƙera wasanni a duniya ya tashi. Kamfanin ya soke shirin a 2024, sai dai ya riga ya nuna wa kowa halin mai hawan dokin aro.

Injin da ake magana kuwa ba na ƙarfe ba ne. Manhaja ce da ke zana 'yan surori masu motsi, watau jarumi da abokin gaba da harsashi, a kan allo ba tare da ɓata hoton baya ba. Tun farko na'ura ce ke yin wannan aiki da kanta. Commodore 64 ta 1982 surori takwas kacal take iya ɗauka. Famicom ta Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1983, tana ɗaukar 64, amma takwas ne za su jeru a layi ɗaya. In sun wuce haka sai masu tsarawa su riƙa musanya su, shi ya sa surorin ke ƙyaftawa.

Abin lura shi ne ZX Spectrum ta Ingila, wadda ba ta da wannan gata ko kaɗan. Dole mai tsara wasa ya adana hoton baya, ya huda gurbin surar, ya zana ta, sa'an nan ya mayar da bayan kafin ta gusa, duk a cikin ƙiftawar ido da ƙwaƙwalwa mai kilobait 48. A cikin wannan ƙunci ne wasan Knight Lore ya fito a 1984. Haka John Carmack ya sa kwamfutar ofis ta gudanar da Commander Keen a 1990, ta hanyar sake zana wuraren da suka canza kaɗai.

Lalle ɗalibin da ya taɓa rubuta irin wannan inji ya san lissafi, ya san tattalin ƙwaƙwalwar na'ura, ilmin da zai amfane shi ko a banki ko a ma'aikatar gwamnati. Wanda kuwa latsa maɓallai kawai ya iya, ranar da mai inji ya sauya sharuɗɗa sai ya tsaya cik.

Ya kamata sassan koyar da ilmin kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha su sa gina ƙaramin injin surori cikin ayyukan ɗalibai. Kayan aiki ba su da tsada. Injin Godot, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur na ƙasar Ajantina suka buɗe wa jama'a kyauta a 2014, kowa na iya karanta cikinsa, ya gyara, ya kuma sayar da abin da ya ƙera ba tare da biyan ko kwabo ba.