Ƙari A Nonon Budurwa: Don Me Muke Jira Sai An Je Gida?

Yau maganar da zan yi ta mata ce, amma ina roƙon iyaye maza su tsaya su karanta, don kuɗin asibiti da izinin fita a hannunsu suke.

'Yar ƙanena, yarinya 'yar shekara 16, ta yi kusan shekara guda tana ɓoye ƙari a nononta na hagu a ƙarƙashin hijabi, a nan Sabon Ibadan. Ba ya mata ciwo, sai girma yake yi, har gefe ɗaya ya ninka ɗaya, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a fata. Ranar da na matsa mata, sai ta fashe da kuka ta ce, "Gwaggo, tsoro nake ji a ce na yi wani abu." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Yarinya ta gwammace ta kwana da fargabar mutuwa da a zarge ta.

Da uwarta ta gani, sai aka shiga abin da muka saba. Wannan ta ce jifa ne, waccan ta ce daji ne kuma daji ba ya son ƙarfe, wata ta kawo shawarar a kira wanzami ya yi sakiya. Uban kuwa cewa ya yi a bari sai an je gida da Sallah. Wannan "sai an je gida" ita ce ta fi ba ni haushi. Muna zaune a Sabo, asibitin koyarwa na UCH da aka buɗe tun 1957 yana nan kusa da mu, amma ciwon mace sai a ɗaga shi wata biyar, wai kada magana ta zaga unguwa ta ɓata wa yarinya aure.

To ga abin da likitoci suka sani. Mafi yawan ƙarin da ke fitowa a nonon 'yan mata ba ciwon daji ba ne. Wanda ya fi yawa suna kiransa faiburo'adinoma: ƙullutu ne mai tauri kamar roba, yana zillewa in an taɓa shi, galibi ba zafi. Sinadarin jikin mace da ke tashi lokacin balaga yana da hannu a girmansa, shi ya sa yake kama 'yan mata, kuma yakan ƙaru da juna biyu. Yawanci ƙarami ne, ana iya sa masa ido kawai. Amma in ya wuce santimita 5, ko nauyinsa ya haura giram 500, ya shiga sahun manya, kuma irin wannan cire shi ake yi, don yana danne naman nono mai lafiya, yana miƙe fata, wani lokaci har ta tsage ta zama gyambo.

Sai dai kada wani ya ce tunda ba daji ba ne a zauna. Akwai wani ƙarin da ake kira filodis, kamarsu ɗaya a ido da hannu, shi kuma yana iya dawowa bayan an cire, wani ma yakan zama mugu. Ba wanzami, ba ungozoma, ba ni kaina da zan iya bambance su. Sai an yi hoton sikanin, an ɗebi ɗan nama da allura an duba a ɗakin gwaji.

Na san uzurin da ake kawowa, kuma ba duka ne na banza ba. Kuɗi akwai wuya. Yarinyar da ba ta jin Turanci ko Yarbanci sosai tana jin nauyin buɗe ƙirjinta gaban baƙo. Amma ana iya neman likita mace, ana iya shiga da uwa ko gwaggo ta tsaya a gefe, ni ma haka na yi. Sakiya kuwa, ƙarin nan tsoka ce, babu mugunyar da za ta fito, sai dai a bar yarinya da miki da tabo, a ƙarshe kuma a koma wurin likitan da aka guje wa.

Tamu dai an yi mata aiki. Likitan ya tsaga ta ƙarƙashin nono inda tabo ba ya fitowa fili, ya ɓare ƙarin ya bar naman nonon, ya kuma ce yana sa ran za ta shayar in Allah ya kawo rabo. Sakamakon gwaji ya fito babu daji. Uban, da ya ga abin da aka ciro a cikin kwano, bai ce uffan ba har muka hau mota muka sauka Mokola. A nan ne ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko zan duba masa ƙannenta biyu in mun isa gida.