Tsohon keke na da sauran amfani, amma ba tare da birki ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix suka sake fitowa daga zaurukan Darna Sabon Gari. Ƙarfensu garau yake, robar birki ce ta cinye. Birkin sanda gare su, masu kayan keke kuwa na waya suka fi kawowa.

Shi ya sa wasu ke tsayar da keke da silifas, a hanyar da manyan motoci ke bi daga Illela zuwa Birnin Ƙonni. Wannan ganganci ne. Mai gyara na iya yanka robar tsohuwar taya ya ɗaura kafin a samu ta asali. 'Yan kasuwa kuma su dawo da kayan, akwai masu saye.