A Faɗa Wa Majinyaci Sunan Cutarsa

Hausawa na cewa jiki magayi. Idan ƙuraje suka feso wa mace a kumatu da karan hanci, gashin kanta ya shiga zubewa, gaɓoɓin yatsunta suka kumbura har ta kasa ɗaura zane ko riƙe muciya da safe, zazzaɓi kuma ya riƙa zuwa yana komawa, to jiki ya gama nasa aikin, ya faɗi abin da ke damunsa. Abin da ya rage shi ne a sami mai saurare. Ƙorafinmu a wannan maƙala shi ne, a yawancin wuraren da irin wannan majinyaciya take kai kukanta, an riga an tanadar wa ciwon suna tun kafin ta buɗe baki: ko a ce sanyi, ko a ce sammu, ko kuwa a ce taifod da maleriya. A ganinmu waɗannan sunaye sun zama bargon da ake lulluɓe rashin sani da shi, kuma a ƙarƙashin wannan bargo mutane suna naƙasa, wasu suna mutuwa.

Mu fara da sanyi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ko bakin kasuwa ya ji mai tallar magani da lasifika yana lissafa abin da sanyi ke haifarwa: ciwon gaɓɓai, ciwon baya, ciwon mara, ƙaiƙayi, ƙuraje, cututtukan saduwa, har da rashin haihuwa, sa'an nan ya ɗaga kwalba guda ya ce ita ce maganinsu duka. Kalmar da ta ɗauki cuta goma a kanta ba ta nuna ko ɗaya daga cikinsu ba. Amfaninta ɗaya ne, wato ta rufe bakin mai tambaya, ta buɗe aljihunsa.

Idan kwalbar ta ƙare ciwo bai tafi ba, sai a koma ga sammu ko jifa. A nan ne ɓarnar take fita daga jikin majinyaciya ta shiga cikin gida, domin dole a nemo wanda ya yi jifan, kuma yatsa ba ya wuce kishiya, ko uwar miji, ko maƙwabciyar da aka taɓa yin cacar baki da ita. Abin da ke ƙara wa wannan zargi ƙarfi shi ne, da yawa daga cikin cututtukan da ke haɗa fata da gaɓɓai halinsu ne su taso su lafa da kansu. Idan lafawar ta zo daidai da lokacin da aka yi turare ko aka binne laya, sai boka ya karɓi yabo. Idan ciwon ya sake tasowa, sai ya ce maƙiya sun sabunta aiki. Ba mu da ja da mai addu'ar neman sauƙi. Jayayyarmu tana kan ɗora wa marar laifi laifi, da raba zumunci, da ɓata watannin da ya kamata a ce an yi su ana bincike.

Kada 'yan boko su yi dariya, domin su ma suna da nasu sanyin, sunansa taifod da maleriya. Gwajin Widal da ake dogara da shi a ɗakunan gwaji masu yawa tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma masana sun daɗe da bayyana cewa a ƙasar da mutane suka saba cuɗanya da ƙwayar cutar, sakamakon gwaji guda bai isa ya tabbatar da taifod ba. Duk da haka sai a yi wa mutum allurai da ƙarin ruwa sau uku ko huɗu a shekara, ba wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa mai taifod gashinta yake zubewa, ko bakinta yake fashewa da gyambo. Daga nan sai kemis, inda ake ƙulla mata haɗin ƙwayoyi a leda ba suna ba takarda. A cikin irin wannan haɗi akan sami diklofenak ko ibufurofen, waɗanda yawan shansu ke cin ciki da ƙoda, akan kuma sami firednisolon ko deksametason, wato dangin abin da mata ke kira sha-ka-fashe. Waɗannan na ƙarshe suna kwantar da kumburi cikin kwana biyu, har mutum ya yi zaton ya warke, amma shansu ba ƙa'ida yana jawo kumburin fuska da hawan jini da ciwon sukari da rauni a ƙashi, sa'an nan yana ɓoye alamun da likita zai gane cutar da su. Haka man shafawa mai ɗauke da irin wannan sinadari, wanda ake sayarwa don bilicin, yake sauya kamannin ƙuraje har gwani ya ruɗe.

To, mene ne ke ɓoye a bayan waɗannan sunaye? Akwai lufus, cutar da garkuwar jiki take juyowa ta afka wa jikin kansa, wadda kusan tara cikin goma na masu ita mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma idan aka yi sakaci takan gangara ta lalata ƙoda ba tare da ciwo ya sanar ba. Akwai amosanin gaɓɓai na rumatoyid, mai kama ƙananan gaɓoɓin hannu biyu a tare, yana sandarar da su da safe, yana lanƙwasa yatsu idan ya daɗe. Akwai soriyasis, mai sa fata ta yi kauri tana ɓarewa, wanda a wasu mutane yake haɗawa da gaɓɓai. Akwai zazzaɓin amosani da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro a yara, ya yi ta yawo daga gaɓa zuwa gaɓa, ya bar tabo a zuciya. Akwai amosanin jini, wato sikila, mai ciwon ƙashi da gyambon ƙafa. Akwai kuma kuturta, wadda takan fara da tabo mai haske da ba ya jin taɓi, wani lokaci da ciwon gaɓɓai. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke samar da maganinta kyauta, ana sha wata 6 ko 12 a warke, amma yatsan da ya riga ya guntule ba ya tsirowa. Kowace daga cikin waɗannan maganinta dabam. Ginshiƙin maganin lufus, alal misali, wani ɗan'uwan kulorokwin ne da muka sani a dā, kuma bai kai tsadar wankin ƙoda na mako guda ba. Wanda aka ce masa sanyi yake fama da shi ya rasa duk waɗannan hanyoyi a lokaci guda.

Su kansu likitoci sun daɗe da tunanin cewa irin waɗannan cututtuka ba su cika samuwa a Afirka ta Yamma ba. A 1968 Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan, daga baya kuma a Zariya, ya wallafa a mujallar Lancet cewa cututtukan juyawar garkuwar jiki ba su da yawa a majinyatan da ya duba bayanansu, ya kuma danganta hakan da yawan kamuwa da cututtuka irin su maleriya. Ya faɗi abin da ya gani a zamaninsa. Sai dai bayan da aka sami likitocin da suka ƙware a fannin gaɓɓai a Nijeriya, irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas, wanda ya wallafa bayanin masu lufus 'yan ƙasar nan a 2009, sai ta bayyana cewa cutar tana nan tare da mu. Abin da ba a nema ba, ba a cika ganinsa ba.

Za a ce mana likitoci sun yi kaɗan, gwaje-gwaje da tsada, kuma ko a Ingila da Amurka akan daɗe kafin a gano lufus, tun da gwajin jinin da ake kira ANA yakan nuna alama ko a jikin mai lafiya. Duk mun yarda da wannan. Amma wahalar gano cuta ba hujja ce ta ƙirƙira mata suna ba. Likitan da ya ce “ban gano ba tukuna, ga takarda ki je ki ga likitan fata ko na gaɓɓai a asibitin koyarwa” ya yi aikinsa, kuma ya fi wanda ya rubuta taifod don layi ya rage. Gwajin fitsari da ke nuna ko ƙoda ta fara yoyo, da ƙidayar ƙwayoyin jini, ba su fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba. Dubawa da ido da tambayar tarihin ciwo kuwa ba a sayensu da kuɗi.

Wani zai ce me ya haɗa masu nazarin harshe da adabi da wannan batu? Suna shi ne ya haɗa mu. Kalmar shan inna ta ɗauki shekaru tana gaya wa iyaye cewa iska ce ta shanye ƙafar yaro, kuma irin wannan fahimta tana cikin abubuwan da masu rigakafi suka yi fama da su kafin a tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Nijeriya a 2020. Kalmar ƙanjamau kuwa ta ba masu wayar da kai abin kamawa, kowa ya san abin da ake nufi. Nan kudu matsalar ninki biyu ce. Bahaushiyar Idi-Araba ko ta Sabon Ibadan tana kwana kusa da babban asibitin koyarwa, amma idan ta shiga ta ce sanyi ke damunta, mai yi mata tafinta yana iya fassara shi da mura. A 1990 an fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabin Hausa a ƙarƙashin editancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad. Abin da aka yi wa nahawu ya kamata a yi wa jikin mutum: sassan Hausa na jami'o'i su zauna da tsangayoyin likitanci, a rarrabe amosani daga amosani, a rarrabe kirci da ƙazuwa da makero daga ƙurajen da ke nuna cuta a ciki, a fitar da kalmomin a rediyo da wasan kwaikwayo da littattafan hikaya. Ɗalibanmu da ke jin Hausa da Turanci da Yarabanci su ne gadar da ake nema a bakin ɗakin likita.

Ga majinyaci da mai jinyarsa kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A rubuta ranar da kowace alama ta fara, a ɗauki hoton ƙurajen da waya kafin su ɓace, a tattara duk kwalin magani da man shafawa da jiƙon da aka sha a kai wa likita. Wanda ya daɗe yana shan firednisolon ko deksametason kada ya yanke shi rana ɗaya, domin yin hakan haɗari ne. Likita ne zai rage masa a hankali. Sa'an nan a tambayi sunan cutar, a nemi a rubuta shi a takarda, idan kuma ba a san shi ba a nemi takardar turawa gaba. Wannan haƙƙi ne, kuma nemansa ba rashin kunya ba ne.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana, amma wannan ciwo na gida ne gaba ɗaya, domin wadda ke kwance uwar wani ce, ko matarsa, ko ɗalibar da kujerarta ta zama wayam a aji. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya haɗa su da masu sauraren abin da jikinsu ke faɗa.