Wane Irin Shinge Ya Dace Da Masaukin 'Yan Gudun Hijira?

Ba ɓoyayyen abu ba ne, tun da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mutane da yawa sun bar gidajensu sun taho gari neman mafaka. A shekarar 2020 mun ga an sauke waɗansunsu cikin makarantun firamare, mata da yara suna kwana a ajujuwa, ba abin da ya tsare su daga idon mai wucewa. To, duk sa'ad da Hukuma ta tashi gina musu masauki na kansu, wajibi ne a yi shawarar shinge tun kafin a sa tubalin farko.

Waɗansu na cewa a sa waya mai ƙaya, don tana da saurin kafawa. Mu dai ba mu yarda ba. Waya ba ta suturta kowa, tana yanke yara, kuma wanda ya kwana cikinta ji zai yi kamar fursuna. Ga Bahaushe kuwa, gidan da ba sutura ba gida ba ne.

Zana da darni suna da araha, mutanen nan kuma gwanayen saƙa su ne, sai a saya daga hannunsu su sami na cefane. Amma gara tana cin su, kuma da hunturu tartsatsi guda ya isa ya cinye unguwa. Saboda haka wurinsu ciki ne, a raba iyali da iyali, nesa da murhu.

Daga waje kuwa katanga ta fi, ta bulo in da hali, in babu ta ƙasa. Sai dai ruwan sama ya fi yawa a kudancin Katsina, lalle a riƙa yi mata yaɓe kowace shekara, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A bayanta a dasa dashi ko cini-da-zugu, wanda awaki ba su ci.

Amma kada katanga ta ruɗe mu. Daren 11 ga Disamba 1920 da ɗari, watau 2020, aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, waɗansu da suka tsira kuwa tsallake shingen suka yi. Darasin a fili yake: bango ba ya tare bindiga, kuma wanda ba shi da mafita tarko ne. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara. A nan ƙofa biyu ce magani, da fitila da mai gadi a kowace.

Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai su tambayi matan da za su zauna ciki kafin a kira magina. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.