Murar tsuntsaye ba ta tsayawa a shinge

Jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, wasu ke cewa ba ruwanmu da Najeriya, kowa ya ji da gidansa. To, a siyasa ku yi ta yi. Amma a maganar cuta, wallahi wannan ganganci ne.

Mun manta 2006 ne? A farkon Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye, H5N1, a wata gonar kaji ta Jaji, jihar Kaduna. Watan bai ƙare ba sai ga ta a agwagin Magarya, karo na farko a Nijar. Shekara ta zagayo, ta kashe wata mata a Legas. Fargabar likitoci ita ce ranar da za ta fara yaɗuwa tsakanin mutane.

Kajinmu da zabbinmu kullum suna kan babur tsakanin Dungas da Maigatari, tsakanin Magarya da Babura. Don me labarin mutuwar kaji zai zaga ta Yamai da Abuja kafin ya iso maƙwabci?

Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya tana nan tun 1971. Ta haɗa likitocin dabbobi da na mutane na Damagaram da Jigawa, su riƙa sanar da juna ranar da abu ya ɓulla. A kuma ware kuɗin diyya tun yanzu. Talakan da ya san ba za a biya shi ba, kasuwa zai kai kazar da ke layi.